Babi na Bakwai: Idan Firinta Ta Ƙi Ganin Waya, Ko Rubutu Ya Fito Layi-Layi

A cikin ɗan littafin da ke zuwa tare da firintar Epson L3150, irin mai tankin tawada a gefe, kamfanin ya rubuta yanayin da ya yarda a yi aiki da ita: zafin ɗaki daga digiri 10 zuwa 35, laimar iska daga kashi 20 zuwa 80 cikin ɗari. Na Canon da na HP ba su yi nisa da wannan ba. To, duk wanda ya yi watan Afrilu ko Mayu a Cadawa ko Gazawa ya san zafin rana yakan haura digiri 40, cikin shagon kwano kuwa sai abin da ya ƙaru. Da hunturu, in hazo ya sauka, laimar iska da tsakar rana takan faɗo ƙasa da kashi 20. Ke nan watanni da dama a kowace shekara muna sa wannan na'ura aiki a wajen iyakar da aka ƙera ta dominta, ga ƙura, ga wuta mai zuwa tana tafiya.

Duk da haka ita ce ta fi dacewa da mu, kuma ita ce a hannun mutane. Malamin makaranta a Agye da ita yake buga tambayoyin jarrabawa. Sakataren ƙungiyar manoman aya da ita yake fitar da sunayen membobi. Yaron da ya buɗe shagon fotokopi kusa da ma'aikatar magajin gari, ko bakin tashar mota a Gidan Rumji, da ita yake ci. Ranar da ta tsaya, mai gyara sai Maraɗi, wani kayan ma sai an aika Katsina ko Kano. Kuɗin mota, da yinin da aka rasa, da kuɗin gyara, in an haɗa su sukan kusa kuɗin da na'urar ta samar a wata.

Abin da na yi imani da shi, kuma shi ne dalilin wannan babi, mafi yawan firintocin da ake ɗauka zuwa wurin mai gyara ba su lalace ba. Wasu ma a hannun mai su suke lalacewa, sa'ad da yake ta latse-latse cikin fushi bai san inda ciwon yake ba. Alhali kowace firintar tawada mai Wi-Fi tana iya buga takardu biyu game da kanta, ba tare da waya ko kwamfuta ba. Ta farko tana faɗin halin da haɗinta yake ciki. Ta biyu tana nuna lafiyar kan da ke fesa tawada. Maɓallin da ake latsawa ya bambanta daga wannan samfuri zuwa wancan, littafin firintarka zai nuna maka shi. Ka nemo shi tun tana lafiya, ka rubuta a jikin bango. Kada ka taɓa komai sai ka buga takardar da ta dace ka karanta.

Sa'ad da waya ta ce ba ta gan ta ba

Akwai wani ruɗani da ya kamata mu kawar tun farko. Sau da yawa za ka ji mai shago yana ce wa abokin ciniki: «Yi haƙuri Alhaji, yau ba rezo, ba ta bugawa.» Wi-Fi daban, intanet daban. Wi-Fi igiyar rediyo ce gajera tsakanin na'urorin da ke cikin gida ɗaya. Ko Airtel, ko Moov, ko Zamani, ko Niger Telecoms, duk su ɗauke gaba ɗaya, ko megarka ta ƙare ƙaf, takardar da ke cikin wayarka za ta iya zuwa firinta. Intanet sai ranar farko kake bukatarsa, don sauko da manhajar kamfanin, wato Epson Smart Panel, ko Canon PRINT, ko HP Smart.

Hanya biyu ce waya ke isa wurin firinta. Ko su biyun su shiga akwatin Wi-Fi ɗaya, ko wata wayar da ke raba intanet, shi ya riƙa kai saƙo tsakaninsu. Ko kuma firintar ta buɗe nata Wi-Fi, waya ta shiga kai tsaye. Wannan na biyun shi ake kira Wi-Fi Direct, tun 2010 ake da shi, kuma sunansa a cikin jerin da waya ke nunawa yakan fara da DIRECT.

A hanya ta farko, abin da ya fi kayar da mutane shi ne zangon igiya. Wi-Fi na gida yana tafiya a kan zango biyu, 2.4 GHz da 5 GHz. Ƙananan firintoci da yawa, har da L3150 da ƙanwarta L3250, na 2.4 kaɗai suke ji. In wayar da ke raba intanet tana kan 5, firinta ba za ta ma ga sunan ba, balle ta nemi kalmar sirri. A wayar Android ka shiga wurin saita «Point d'accès», ka mai da zangon 2.4. A iPhone ta 12 zuwa sama akwai wurin da aka rubuta «Maximiser la compatibilité», kunna shi yana yin wannan aikin. Masu Starlink, wadda ta fara aiki a Nijar a 2025, akwatinsu yana haɗe zangon biyu ƙarƙashin suna ɗaya. A cikin manhajarsa akwai wurin raba su, sai a ba firinta na 2.4. A nan kuma ka duba nau'in tsaro. Tsofaffin firintoci WPA2 suka sani, in an sa WPA3 kaɗai za su ga ƙofa su kasa shiga.

Kalmar sirri ma tana da nata tarko a ƙasarmu. Babban baƙi da ƙarami ba ɗaya ba ne, wannan kowa ya sani. Amma kwamfutocin da ke hannunmu iri biyu ne: masu allon rubutu na Faransanci, da waɗanda suka shigo ta Najeriya masu na Ingilishi. In tsarin cikin kwamfutar bai dace da abin da aka zana a kan maɓallan ba, ka latsa A ya fito Q, ka latsa Z ya fito W, lambobi su zama wasu alamomi, kai kuwa ɗige-ɗige kawai kake gani. Ka rubuta kalmar a fili a wani wuri tukuna, ka gan ta da idonka.

Sai matsalar da ta fi kowace cin rai: jiya tana bugawa lafiya lau, yau kwamfuta ta rubuta «Hors connexion», fitilar Wi-Fi kuwa tana ci a jikin firinta. Wannan yawanci aikin ɗaukewar wuta ne. Yankin Maraɗi da Damagaram sun daɗe suna shan wutar da ke zuwa daga Katsina ta babban layin kilovolt 132 da ke sauka a Gazawa, kuma ba wanda ya manta yadda aka yi fama daga Agusta 2023, da Najeriya ta yanke layin, har zuwa Maris 2024. Ko a lokacin lafiya, wuta takan tafi ta dawo. Duk lokacin da akwatin Wi-Fi ya mutu ya farfaɗo, yana sake raba wa na'urori lambar adireshi, wanda ya riga zuwa shi ke karɓar ta farko. Firintar da jiya take 192.168.1.5 yau tana iya zama 192.168.1.8. Kwamfuta kuwa tana can tana aika takarda tsohon gida.

A nan takardar farko take amfani. Buga ta, ka nemi layin da aka rubuta adireshin IP. In ya fara da 192.168, firinta ta shiga, kwamfuta ce ta ɓata hanya: cire firintar daga jerin na'urori ka sake ƙara ta, ko ka shiga saitin akwatin ka keɓe mata lamba ɗaya da ba za ta canza ba. In ya fara da 169.254, ko sifili ne jere, ba a ba ta adireshi ba sam. Kashe komai, ka kunna akwatin shi kaɗai, ka ba shi kamar minti biyu, sannan firinta, sannan kwamfuta. Wannan jerin ka mai da shi al'ada duk bayan dawowar wuta. Ka kuma duba sunan Wi-Fi da ke jikin takardar, ka gwada da wanda wayarka take kai. Sau tari waya ta koma na maƙwabci ne ba ka sani ba.

Wanda ba shi da akwati, waya ce ke raba masa, keɓe lamba ba zai yi masa amfani ba, domin wayoyin Android na yanzu da yawa suna canza jerin lambobin duk lokacin da aka kunna rabon. Ga shi kuma in mai wayar ya tafi masallaci ko kasuwa da ita a aljihu, haɗin ya tafi tare da shi. Irin wannan gida Wi-Fi Direct ya fi masa. Abu ɗaya za ka kula: waya in ta ga Wi-Fi ɗin ba intanet a cikinsa, takan sulale ta koma kan mega. In ta tambaye ka ko ta zauna, ka ce ta zauna. In ba ta tambaya ba, kashe mega har ka gama bugawa.

Nisa da bango su ma suna da hannu. Ginin ƙasa mai kauri yana rage ƙarfin igiyar, ƙarfe kuwa yana tare ta. Akwati a cikin gida, firinta a shagon kwano na ƙofar gida, wannan haɗin ba zai zauna ba. Wani lokacin kuma laifin na layin jira ne a cikin Windows: takarda ɗaya ta maƙale, duk na bayanta sun tsaya. Share su duka, in sun ƙi sharuwa ka sake tayar da «Spouleur d'impression» a cikin jerin hidimomin kwamfutar, ko ka kashe ta ka kunna.

Ra'ayina a kan wannan sashe a fili yake. In firinta da kwamfuta a kan tebur ɗaya suke, kuma da su kake neman abinci, ka sayi igiyar USB ka haɗa su. Igiya ba ta da zango, ba ta da kalmar sirri, ba ta canza adireshi. Wi-Fi Direct ka bar shi don wayoyin masu kawo aiki.

Kan feshi da abin da iska ke yi masa

Wanda ya san yadda tawada ke fita daga cikin na'urar, rabin gyaran ya riga ya iya. A ƙarƙashin kan feshi, abin nan mai kai da komowa, akwai kafofi ƙanana, kowace ta fi silin gashi siriri. A L3150 baƙar tawada tana da kafa 180, sauran launuka uku kowanne 59, kuma ɗigon da ke fita yana iya ƙanƙanta har zuwa pikolita 3, wato kashi uku cikin biliyan dubu na lita. Canon da HP da zafi suke turo ɗigon. Wani injiniyan Canon, Ichiro Endo, ya gano dabarar a 1977, HP ma ta iso gare ta ta tata hanyar, ta fitar da ThinkJet a 1984. Wani ɗan ƙarfe ne a bayan kowace kafa yake zafafa nan take har wajen digiri 300, tawada ta yi kumfa, kumfar ta tunkuɗo ɗigo. Epson kuwa ta bi wata hanya: wani ɗan sinadari mai lanƙwasa in wuta ta taɓa shi, shi ke matso tawadar ba tare da zafi ba.

Bambancin yana da amfani a gare ka. A masu zafi, tawadar ce ke sanyaya ɗan ƙarfen. In ka ci gaba da bugawa da busasshen kartush don ka tatsi shafi biyu na ƙarshe, ƙarfen yana ƙonewa, kuma kafar da ta ƙone ba wankin da zai dawo da ita. A Epson kan feshi ba ya ƙonewa ta haka, amma a jikin na'urar yake, ba a canza shi tare da tawada, kuma kuɗinsa babban kaso ne na kuɗin firintar.

Tawadar duka mafi yawanta ruwa ne. Duk almajiri ya san abin da ke faruwa da alƙalamin kara in an ajiye shi da tawada a baki: ya bushe, sai an jiƙa kafin ya sake rubutu. Abin da iskar hunturu ke yi wa kafofin nan ke nan. Masu ƙera na'urar sun yi mata kariya: a gefen dama akwai wani ɗan murfin roba, in ka kashe ta da maɓallinta, kan feshi yakan koma can ya zauna a rufe. Amma in ka zare filogi, ko ka kashe ta daga jikin soket, ko wuta ta ɗauke tana tsakiyar aiki, kan yana tsayawa inda yake, a buɗe. Dare ɗaya na watan Fabrairu ya isa ya toshe kafofi.

Saboda haka da maɓalli ake kashe ta, a jira fitila ta daina ƙyaftawa, sannan a zare. In wuta ta yanke mata aiki, da zarar ta dawo, ko aka tada janareta, ka kunna ta ta koma mazauninta ko da ba abin da za ka buga. Wanda ya iya, ya saya mata ondila, ɗan akwatin nan mai batir a ciki. L3150 kamar watt 12 take ci sa'ad da take bugawa, firintar leza kuwa ɗaruruwa take ci, shi ya sa ƙaramin ondila ko ɗan sola na gida yake riƙe ta ba wahala. In an gama aiki a lulluɓe ta da zane mai tsabta, a nisanta ta da taga da hasken rana. Sannan ko ba aiki, a mako a buga shafi ɗaya mai launuka duka. Masu buga baƙin rubutu zalla su suka fi bukatar wannan, don launukansu na bushewa ba su sani ba, sai ranar da aka kawo katin gayyatar biki.

In rubutu ya fara fita da fararen layuka a tsakiya, ko launi ya sauya, sai takarda ta biyu. A kwamfuta mai Faransanci sunanta «Vérification des buses». Za ta fito da ƴan layuka jere kamar matakala, baƙi da shuɗi da ja da rawaya, kowane guntun layi kafa ɗaya ce. Karanta ta da natsuwa, a cikin haske, musamman rawaya da ke da wuyar gani. In akwai giɓi nan da can, toshewa ce. In ka yi wanki ka sake gwadawa giɓin ya bar wurinsa ya koma wani, wannan ba toshewa ba ce, iska ce ta shiga bututu, ko tawada ba ta isowa yadda ya kamata. In launi guda ya ɓace ɗungurungum, duba tanki ko kartush tukuna. Sabon kartush ma akan manta a ɓare ledar da ke bakinsa. In kuwa layukan sun cika ba giɓi, kan feshi lafiyarsa ƙalau, kada ka wanke shi, laifin yana wani wuri.

Tutar Nijar ma gwaji ce mai kyau, kuma tana saman takardun hukuma da yawa. Firinta ba ta da tawada ruwan goro, ba ta da kore. Ruwan goro haɗin ja da rawaya ne, kore haɗin shuɗi da rawaya. In ka ga saman tuta da da'irar tsakiya sun fito ruwan hoda, ƙasan ya fito shuɗi, rawaya ce ta toshe. In ƙasan ya koma rawaya, shuɗi ne. In saman ya koma rawaya, ja ne.

Wankin da na'urar ke yi wa kanta, «Nettoyage des têtes», ba da ruwa take yi ba. Wani ɗan famfo ne ke zuƙo tawada ta cikin kafofin da ƙarfi. A nan mutane ke yi wa kansu ɓarna, su yi ta maimaitawa sau takwas, sau goma a jere. Ƙa'idar Epson ita ce: wanki da gwaji har sau uku, in bai gyaru ba a kashe ta a bar ta aƙalla awa 12 ba bugu, sannan a sake gwadawa. Hutun nan yana ba busasshiyar tawada damar jiƙa, kumfar iska kuma ta kwanta. Sai in wannan ya gaza ake zuwa babban wanki, «Nettoyage puissant», shi ma sai kowane tanki yana da aƙalla kashi ɗaya cikin uku, in ba haka ba iska zai zuƙo ya ƙara dagula lamarin. Na san wuyar jiran awa 12 ga mai shagon da mutane ke tsaye a ƙofarsa, lokacin da ɗalibai ke haɗa takardun BEPC. Amma wanki na huɗu da na biyar a jere ba kasafai suke buɗe abin da na uku ya kasa ba.

Kuma tawadar da aka zuƙo ba ɓacewa take ba. Tana sauka cikin wani soso a ƙasan na'urar, na'urar tana ƙirga abin da ya shiga. In lissafin ya cika, sai ta tsaya cak fitilu na ƙyaftawa. Akwai masu share wannan lissafi da wata manhaja su miƙo maka ita tana aiki. In sun share ba su canza soson ba, wata rana tawada za ta malalo kan tebur, ko ta shiga kayan wutar ciki. Ka tambayi mai gyara ya nuna maka tsohon soson da ya cire.

Ƙananan HP da Canon masu kartush, waɗanda kan feshi ke jikin kartush ɗin, ana iya yi musu wanki da hannu. A jiƙa tsumma mai laushi marar zare da ruwa mai ɗumi, a dora bakin kartush a kai na ƴan mintuna, har a ga tawada ta zana layukanta. Ruwan ya zama tatacce, irin na kantin magani. Ruwan rijiya da na famfo suna da gishirin ƙasa da ke ƙara toshewa. Wanda ake sayarwa don batir kuwa ka guje shi, domin akwai mai asid a ciki kuma kwalaben sukan yi kama. Ba allura, ba fetur, ba goga. Ɗige-ɗigen jan ƙarfen da ke bayan kartush su bushe sarai kafin a mayar.

Tawada, takarda, da abin da aka turo

Tawada iri biyu ce. Akwai mai rini, wadda launinta ya narke cikin ruwa, akwai mai gari, wadda ƙwayoyin launi ke yawo a ciki. Epson 103 da 664 masu rini ne. Baƙar Canon GI-490 mai gari ce, launukanta masu rini. In an zuba wani iri a kan wani sukan dunƙule a cikin bututu. Kwalbar da ba lamba, ba suna, wadda mai sayarwa ya ce tana shiga kowace firinta, ni ban yarda da ita ba ko da rabin kuɗi ce. Tun da Epson ta fara fitar da masu tanki a Indonesiya a 2010, kuɗin tawada ta asali a kan kowane shafi ya sauko ƙwarai, har ribar da ake nema a jabu ba ta kai haɗarin rasa kan feshi ba. Ka kuma sani cewa mai rini tana zuba in ruwa ko gumi ya taɓa ta, tana kuma kodewa a rana. Takardar da mutum zai riƙe shekaru, a sa mata leda, ko a kai ta inda ake da leza.

Mai kartush ya lura da lamba. HP ta kasa duniya yanki-yanki: kartush ɗin da ake kira 123 a Afirka shi ne 302 a Turai, 63 a Amurka. Siffa ɗaya, amma firintar da ɗan uwa ya aiko daga Faransa za ta ƙi karɓar 123. Wadda ta fito daga Amurka kuma a duba bayanta kafin a sa a soket. In an rubuta 100 zuwa 240 V, ba laifi. In 120 kaɗai aka rubuta, wutarmu ta 220 za ta ƙona ta nan take.

Da damina takarda ke shan laima, ta lanƙwashe, rubutu ya bazu, ta riƙa shiga biyu-biyu. Bar ta cikin ledarta, ka ɗebi ta yini kawai, ka kaɗa gefenta kafin ka sa. Da rani ƙura ke kwanciya a kan robobin da ke jan takarda har su yi santsi; tsumma mai ɗan danshi ya isa. In layukan tebur da ya kamata su miƙe sun fito a karkace, ko baƙaƙe sun yi inuwa, ka yi «Alignement des têtes». In bai gyaru ba, leƙa ciki: akwai wata siririyar leda mai haske da ta ratsa daga wannan gefe zuwa wancan a bayan kan feshi, da ita na'urar ke gane inda take. A kashe firinta, a share ledar a hankali, kada a ja ta ta fita daga maƙalinta.

Saiti ma yana ɓata aiki. Rubutu ya fito fari-fari alhali gwaji ya cika, duba ko an bar ta a kan «Brouillon». Ƙasan shafi ya yanke, duba girman takarda: tamu A4 ce, milimita 210 da 297, kwamfutoci da yawa kuwa suna zuwa a kan ta Amurka, mai 216 da 279. Takardar hoto kuma sai an gaya wa na'urar cewa ita aka sa. Akwai kuma laifin da ba na firinta ba ne sam. Hoton takardar haihuwa da aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, manhajar ta riga ta matse shi, ƙananan baƙaƙe sun dushe tun kafin ya iso. Ka ce wa mai shi: «Malama, a sake ɗauka a cikin haske, a turo shi a matsayin dokima.»

In ka yi duk wannan, giɓi yana nan a wuri ɗaya bayan hutu da babban wanki, ko na'urar tana ƙara kan feshi na bugun gefe, ko ka ji ƙaurin ƙuna, ko soso ya cika, to lokacin mai gyara ya yi. Kashe ta da maɓalli kan ya koma mazauninsa, ka manne shi da salatif kada ya yi ta yawo a hanya. Rufe murafen tanki da kyau, in samfurinka yana da makullin tafiya a gefen tanki ka juya shi. Kada ka cire kartush, kada ka zubar da tawadar tanki. Sa ta a leda, sannan a kwalinta. Ko a bayan babur ne, ko a cikin motar Maraɗi, ka tsaya da kanka ka ga an ajiye ta a zaune yadda take zama a kan tebur. Mai tanki in aka jingina ta a gefe ko aka kifa ta, tawada za ta zube a cikinta tun kafin ku isa.